Marmaron Ƙarfe da Garwar Babana

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ranar da aka manna sanarwa a allon sashenmu cewa duk ɗalibin da ke da abin cewa ya kawo domin a buga a mujallar bana, 'yan'uwana da yawa sun zaɓi karin magana, wasu al'adun aure, wasu kuma waƙa. Ni kuwa sai na ga babu abin da ya fi tsaya mini a rai kamar wani hoto da ke manne a bangon ɗakin kwananmu, hoton da ya kusa raba ni da abokin zamana, ya kuma tona wani asiri da na shekara biyu ina binnewa a wannan jami'a. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni sannu a hankali, domin labarin zai je Amurka ya dawo Legas kafin ya tsaya.

Abokin zaman nawa Bayarabe ne, ɗalibi a sashen zane-zane da sassaƙa. Tun ranar da muka tare a ɗakin ya manna wani babban hoto a saman gadonsa. Abin da ke jikin hoton wani ƙaton zobe ne na farin ƙarfe mai ƙyalli, an ɗaga shi sama a kan ƙafafu biyu da suka karkata, ruwa yana zubowa daga cikin zoben kamar labule, wani kuma yana tsartuwa daga ƙasa zuwa sama. Na tambaye shi, "Wannan kuma mene ne? Injin niƙa ne ko jirgin aljanu?" Ya yi dariya har da buga ƙafa, sannan ya zauna ya yi mini bayani kamar malami a aji.

Ya ce abin yana birnin Detroit ne a Amurka, birnin da ya yi suna wajen ƙera motoci, a tsakiyar wani fili na jama'a da ake kira Dandalin Hart a bakin kogi. Wanda ya tsara shi wani masassaƙi ne mai suna Isamu Noguchi, wanda aka haifa a 1904 ya rasu a 1988, ubansa ɗan Japan, uwarsa Ba'amurkiya. An kammala aikin a ƙarshen shekarun 1970. Tsayinsa ya kai wajen ƙafa 30, yana da bakunan feshin ruwa wajen 300, kuma kwamfuta ce ke juya su, yanzu ruwan ya zama hazo, an jima ya zama ginshiƙi. Kuɗin aikin kuwa wata attajira ce ta bar wasiyyarsu domin tunawa da mijinta Horace Dodge, mai kamfanin motoci, da kuma ɗansu. Mu a Hausa ba mu da suna guda da kowa ya amince da shi ga irin wannan abu. Ni dai zan kira shi marmaron ƙarfe, tunda marmaro shi ne ruwan da ke ɓuɓɓugowa da kansa daga ƙasa.

Da ya gama sai na ce, "Ana shan ruwan?" Ya ce a'a. "Ana ban ruwan gona da shi?" Ya ce a'a. Na ce, "To, wannan a wurinmu sunansa almubazzaranci." Na kawo masa abin da malamanmu suka koya mana tun muna makarantar allo, cewa ko a bakin kogi mutum yake alwala ba a so ya ɓarnatar da ruwa. Shi kuma ya ce ban fahimci yadda abin ke aiki ba. Ruwan ba zubarwa ake yi ba, zagayawa yake yi: ya faɗo cikin kwarmin da ke ƙasa, inji ya tsotse shi ya sake tura shi sama, abin da ke raguwa shi ne wanda rana ta shanye da wanda iska ta kwashe. Na ce wutar da injin ke ci fa? Muka yi ta yi har dare ya raba, na ɗaga murya fiye da yadda maganar ta cancanta. Can sai ya dube ni ya ce, "Malam, wai me ruwa ya yi maka ne?" Na ja bargo na juya wa bango fuska, ban ba shi amsa ba.

Ga amsar da na hana shi a wannan dare. Mahaifina ɗan ga-ruwa ne, irin waɗanda mutanen Legas ke ƙwala wa kira da "mai ruwa". Shekara biyu duk wanda ya tambaye ni sana'ar babana a makaranta sai in ce ɗan kasuwa ne, in kuwa aka matsa sai in sauya zance. Daga wani ƙauye a ƙasar Daura ya taso a shekarar fari ta 1984, yana saurayi, da niyyar cirani na wata huɗu, ga shi har yau yana Obalende. Da garwa biyu ya fara, a rataye a bakin sanda, kowace tana cin galan 4, har yanzu akwai kanta a kafaɗunsa kamar ta raƙumi. Daga baya ya samu kura. Jarka 10 yake ɗora mata, kowace lita 25, wato nauyin kilo 250 ke nan ban da nauyin kurar kanta, ya tura a cikin cunkoson motoci da zagin direbobi. Da wannan kura aka biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare.

Ina ɗan shekara 10, wata Asabar na bi shi aiki. Wani mutum sanye da kwat ya tare mu a ƙofar wani babban kamfani, ya ce rijiyar burtsatsensu ta lalace, ga shi kuma suna da manyan baƙi da yamma, yana son kura uku yanzu-yanzu. Na zaci banɗaki za a kai ruwan. Ashe wani ɗan marmaro ne a farfajiyar ginin, an yi shi da bututun ƙarfe masu sheƙi kamar kararen dawa. Ina kallo Baba ya juye jarka 30 a cikin kwarminsa, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Aka kunna inji, ruwa ya tashi sama. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, ban san lokacin da na matsa na tara hannuna ba. Sai ji na yi an fizgo wuyan rigata, mai gadi ya tunkuɗa ni waje yana cewa zan ɓata musu ruwa. Ruwan da ubana ya turo da ƙirjinsa! Baba bai ce uffan ba, ya karɓi kuɗinsa, ya kama hannuna muka tafi. Daga ranar na ƙulla gaba da duk wani ruwa da ake wasa da shi.

Saboda haka bayan gardamarmu da abokina sai na shiga intanet ina neman sandar da zan doke shi da ita, kuma na samu. A shekarar 2013 birnin Detroit ya kai kansa kotu yana cewa ya karye, bashin da ke kansa ya kai wajen dala biliyan 18. A 2014 hukumar ruwan birnin ta bi gidaje dubbai tana datse musu famfo saboda sun kasa biyan kuɗin ruwa, yawancinsu talakawa baƙaƙen fata, har sai da jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da haƙƙin ɗan Adam suka je birnin a watan Oktoba na wannan shekara suka yi tir da abin. Na dawo ɗaki ina taƙama, na ce, "Ga birnin marmaron naka nan. Ƙarfe yana wanka, mutane suna ƙishirwa."

Ya karanta, jikinsa ya yi sanyi, amma bai miƙa wuya ba. Ya ce in ƙara bincike, zan ga cewa marmaron ma ya sha wuya. Gaskiyarsa ne. Birnin da ke da mutum kusan miliyan 1 da dubu 850 a 1950 ya zube har ya koma ƙasa da dubu 650 a ƙidayar 2020. Masana'antu sun rufe, haraji ya ragu, shi kuma marmaron ya shafe shekaru yana aiki rabi da rabi, sau da yawa ma a bushe, sai a 2024 aka kashe sama da dala miliyan 5 aka gyara shi. Abokina ya ce, "Ka gani? Ba marmaron ne ya shanye ruwan talakawa ba. Ciwon da ya kama famfon gidajensu shi ne ya kama shi." Na rasa abin cewa, haushi ya kama ni, sai kawai na ji bakina ya furta abin da na daɗe ina riƙewa. Na ce, "Kai ba za ka gane ba, domin ubanka bai taɓa tura kurar ruwa ba. Nawa kuwa ita yake turawa har gobe."

Ɗakin ya yi tsit. Na jira dariya, ko kallon tausayi wanda ya fi dariyar ciwo. Ba ko ɗaya. Cewa ya yi a unguwarsu famfo bai taɓa kawo ruwa ba tun da aka haife shi, da ruwan masu kura aka yi masa wankan jego, da shi mahaifiyarsa ke dafa abincin sayarwa. Sannan ya ce yana son ya je ya gaida Baba.

Ranar Lahadi muka je Obalende. Muka iske Baba a inuwa yana ɗaure tayar kurarsa da waya. Abokina ya zube rub da ciki irin gaisuwar Yarbawa, Baba ya yi sauri ya ɗaga shi yana cewa, "Tashi, tashi, ɗana, Allah ya yi albarka." Bayan an sha ruwa na ciro hoton a wayata na miƙa masa, na tabbata zai goyi bayana. Ya daɗe yana kallo, ya kai wayar kusa da ido, ya kai ta nesa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wannan ƙarfen kullum a cikin ruwa, ba ya tsatsa?" Na fassara. Abokina ya yi bayanin cewa ana gauraya baƙin ƙarfe ne da wani ma'adini da ake kira kuromiyam, fiye da kashi 10 cikin 100, shi ne yake yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ke hana tsatsa kama shi. Baba ya kaɗa kai ya ce, "Ikon Allah. Da da irinsa aka yi mana garwa, da ban ƙarar da kuɗina a wurin mai liƙi ba." Tambaya ta biyu kuwa, "Wa ke wanke shi?" Ya ce duk inda ruwa ya kwana gansakuka za ta zo, in babu mai wankewa, to, gidan sauro aka gina.

Na gaji da jira na ce, "Baba, ba ka ga ɓarna ba ce? Ka manta ranar da ka juye kura uku aka kore ni?" Ya dube ni irin kallon da yake yi mini in na yi wauta. Ya ce, "Kai yaro, ban manta ba. Da kuɗin ranar na saya maka takalmin makaranta. Juye ruwan bai ɓata mini rai ba, sun biya, kuma na ga abin ya yi kyau. Abin da ya hana ni barci shi ne korar da aka yi maka. Ka shekara goma sha kana jin haushin ruwa, alhali shingen ne ya yi maka laifi."

Daga nan ya ba mu wani labari da ban taɓa ji ba. Ya ce farkon zuwansa Legas bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci, ba ya jin Turanci, kafaɗunsa duk sun saɓule. Ranar Juma'a in ya fito daga babban masallacin da ke titin Nnamdi Azikiwe, sai ya taka zuwa Dandalin Tinubu, in ya yi sa'a ranar marmaron wurin yana aiki, ya samu gefe ya tsaya yana kallo har la'asar ta kawo jiki. Iska takan kwaso feshin ta watsa masa a fuska. Ya ce, "A duk faɗin garin nan, nan ne kaɗai nake ganin ruwan da ba ni zan ɗauka ba, ba kuma wanda zai ce in biya." Ya ce sau biyu yana ɗaure kayansa zai koma gida, tsayuwar nan ce take sanyaya masa zuciya ya kwance. Allahu Akbar! Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ga wanda bai san Legas ba, wannan dandali yana tsakiyar tsibirin ne, kuma sunansa ya samo asali daga Madam Efunroye Tinubu, wata hamshaƙiyar 'yar kasuwa da ta yi ƙarfi a siyasar Legas da Abekuta, ta rasu a 1887. Marmaron da Baba yake kallo kyauta ce daga Kwarorin Legas, wato 'yan Labanan mazauna garin, domin murnar samun 'yancin kai a 1960. An sha yi wa wurin kwaskwarima, har da wadda aka kammala a 2017. Kwarorin da suka ba da kyautar ba su san za a yi wani baƙon saurayi daga ƙasar Daura da zai riƙa jingina gajiyarsa da ita ba. A ganina wannan shi ne amfanin abin adon da aka ajiye a fili: mai yinsa ba ya zaɓen wanda zai more shi.

A hanyarmu ta komawa makaranta na yi ta tunanin abin da muka karanta a darasin tarihin Hausawa tun muna aji ɗaya. Labarin kafuwar ƙasar Hausa kansa a bakin ruwa ya faro. A rijiyar Kusugu ta Daura, in ji masu ba da labari, macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe ta. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi ko a matsayin tatsuniya, darasinsa ɗaya ne: ruwa yana nan a tsakiyar gari, abin da ya addabi mutane shi ne mai tsare shi. Haka kuma kakanninmu ba su ɗauki ado a matsayin ɓarna ba. Duk wanda ya zaga tsohon birnin Zariya ko Kano ya ga zanen da magina suka yi a fuskar soraye. A waje ake yin zanen, inda mai gidan ba ya ganinsa in yana ciki, mai wucewa ne ke morewa. Sannan kowane gari yana da dandalinsa inda ake haɗuwa. Ko a zamaninmu, da aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilu na 2014, masu neman a ceto su a gefen marmaron haɗin kai na Abuja suka riƙa zama kullum, domin wuri ne da kowa ke ganin yana da haƙƙi a cikinsa.

Kada mai karatu ya zaci na sauka daga ra'ayina gaba ɗaya. Har yanzu ina nan a kan cewa in naira ɗaya ce ta rage a baitulmali, bututun ruwan sha ya kamata a fara saye da ita. Tun 1915 aka buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju domin Legas, yau fiye da shekara 100, amma har yanzu unguwanni da yawa da ƙirjin mutane irin babana suke shan ruwa. Na taɓa ce masa in famfo ya wadata ai sana'arsa ta mutu. Ya ce, "Allah ya kawo ranar. Don me kake tsammani na sa ka a boko?" Abin da na sauka daga kai shi ne tunanin cewa talaka ciki kawai gare shi, ba shi da ido. Wannan tunani raini ne, kuma ni ɗan talaka na fi kowa yinsa.

Don haka in wata rana aka tambaye ni ko a gina irin wannan marmaro a wani dandali, zan yi tambayoyin Baba ne kafin in amsa. Shin an ware kuɗin wankewa da gyara, ko kuwa ranar yanke ƙyalle kawai aka yi wa tanadi? Mun ga shataletale nawa a garuruwanmu da aka ƙawata da bututu da fitilu, bayan shekara guda suka zama juji? Shin ɗan mai ruwa zai iya matsowa ya tara hannunsa ba tare da an fizgi wuyan rigarsa ba? In an kewaye shi da shinge da mai gadi, to, a daina kiransa na jama'a. Sannan shin unguwar da ke bayan dandalin tana da famfo mai kawo ruwa? In amsoshin nan uku sun yi daɗi, a gina, ni ma zan je kallo.

Kafin mu bar Obalende a wannan rana, abokina ya hango tsofaffin garwanin Baba guda biyu a bayan ɗaki, duk sun yi tsatsa, liƙi a kan liƙi. Ya roƙa a ba shi, wai yana son ya haɗa su da wasu ƙarafa ya yi ɗan ƙaramin marmaro a matsayin aikinsa na shekarar ƙarshe. Baba ya yi dariya ya ce ya ɗauka, amma da sharaɗi guda: ya sa famfo a gefe da ruwa mai tsabta da moɗa, saboda mai wucewa. Yanzu haka garwanin suna ɗakin aikinsu, yana ta fama da walda, ni kuma nake riƙe masa ƙarfe in ba ni da lacca. Hoton Detroit yana nan a bango, mun daina faɗa a kansa.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da iyayenmu suka zo Kudu da sanda da garwa, ko da akwatin gyaran takalmi, ko da tiren goro, da mu daina sauya wa sana'arsu suna in an tambaye mu. Ni na yi shekara biyu ina yi, ban ƙaru da komai ba sai nauyin zuciya. Babana ɗan ga-ruwa ne, da ruwan da ya tura na zo nan. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba mu ikon hutar da kafaɗunsu, ya kuma wadata garuruwanmu da ruwan sha da na kallo, amin.